Shafin Cornell LII wajen neman dokar harajin Amurka: kyauta ne, yana da sauri, amma dokar yau kaɗai yake nuna maka

Duk wanda ya taɓa rubuta lambar wani sashe na dokar harajin Amurka a Google ya san shafin nan ko da bai riƙe sunansa ba, don kusan kullum shi ne ke fitowa a sama-sama, law.cornell.edu. Sunansa Legal Information Institute, mutane dai LII kawai suke cewa, kuma yana ƙarƙashin makarantar koyon aikin lauya ta jami'ar Cornell da ke Ithaca a jihar New York. Tun 1992 Peter Martin da Tom Bruce suka kafa shi, lokacin da galibin mutane ma ba su san me ake kira intanet ba, da niyyar cewa doka ba abu ba ce da sai mai kuɗi zai karanta. Har yau kuma kyauta ne, ba rajista, ba fasuwod, ba wani "ka saka katinka za mu baka kwana bakwai na gwaji".

Wannan rubutun na yi shi ne musamman saboda 'yan uwa da suka zo digiri na biyu a fannin shari'a nan Amurka, da waɗanda ke aiki a ofishin lauyoyi ko na masu cika wa mutane takardun haraji, da ma wanda ke gida amma aiki ya haɗa shi da dokar Amurka. Ra'ayina a taƙaice tun yanzu, in dai karanta rubutun doka kake so, ita kanta dokar ba sharhin wani ba, toh ban san wani shafi na kyauta da ya kai shi daɗin amfani ba. Amma in memo za ka rubuta, wato takardar da lauya ke bayyana matsayin doka kan wata matsala, ko takardar da za a shigar kotu, shi kaɗai ba zai fisshe ka ba, kuma inda yake da giɓi ba ƙaramin wuri ba ne a harkar haraji.

Abin da ya fi burge ni da shi shi ne adireshinsa mutum na iya haddace shi. Dokokin tarayyar Amurka an tattara su a kundi ɗaya mai suna United States Code, an raba shi babi-babi, kuma haraji shi ne na 26. Toh in kana son sashe na 61, wanda ke cewa duk abin da ya shigo hannunka daga ko'ina ya fito kuɗin shiga ne, sai kawai ka rubuta law.cornell.edu/uscode/text/26/61, shikenan ya buɗe. Kana son na 162 mai maganar kuɗin da aka kashe wajen gudanar da sana'a, canja lambar ƙarshe kawai. Ba ka buƙatar akwatin bincike ma sam, kuma gaskiya gara haka, don neman abu da kalma a dokar haraji wahala ce a kowane shafi, kalma ɗaya sai ta fito a wuri ɗari. Shafin ba shi da nauyi, a waya ma yana buɗewa lafiya ko netwok na ja da ƙafa, wanda ke Kano ko Maraɗi da ɗan data ɗinsa zai karanta abin da lauyan Manhattan ke karantawa harafi da harafi.

Sai kuma yadda suke jera rubutun. Wanda bai saba ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma sashe ɗaya a dokar nan yana iya sauka hawa shida, akwai sashen kansa, sai ƙaramin harafi (a), sai lamba (1), sai babban harafi (A), sai lambar Romawa ƙarama (i), sai babba (I), kuma in ka ɓace a wane hawa kake toh ka karanta doka ba daidai ba, don kalmar "ko" da ke ƙarshen wani layi tana iya shafar layuka uku na sama ko ɗaya tak. LII na tura kowane hawa ciki kaɗan ta yadda ido zai gane wa ke ƙarƙashin wa. A kwamfuta abun ya fi fita, a waya in an sauka can ƙasa layin yana matsewa, ni dai dogon sashe kamar na 7701 ba na yarda in karanta shi a waya in dai rubutu zan yi da shi.

A nan bari in tsaya kan wani abu da yake cin sababbi. § 263(a) daban, § 263A daban (alamar § sashe take nufi). Na farkon ƙaramin sashe ne a cikin sashe na 263, wanda ke hana ka cire kuɗin da ka kashe kan gini ko gyaran da ya ƙara wa kadara daraja a shekara ɗaya. Na biyun kuwa sashe ne mai zaman kansa gaba ɗaya da aka shigo da shi a 1986, kan kayan da kamfani ke ƙerawa ko yake saye don sayarwa. Baka biyu da girman harafi kawai suka raba su, kuma in ka furta da baki duk ɗaya ne, shi ya sa za ka ji malaman haraji na cewa ƙaramin a ko babban A. Dalilin irin wannan lambobi shi ne majalisa ba ta son taɓa jerin lambobin da kowa ya riga ya haddace, sai ta cusa sabon sashe a tsakani ta liƙa masa harafi, shi ne ka ga 25A, 199A, 280E, har da irin su 1400Z-2 wanda in ka gan shi sai ka rantse ƙa'idar ma'aikata ce ba doka ba. A LII adireshin na biyun /26/263A ne, na farkon kuwa sai ka buɗe /26/263 ka duba (a). Dan Allah a rubutu a kula da wannan, farfesa ko babban lauyan ofis yana gani zai san ko ka buɗe dokar ko kwafowa ka yi daga wani wuri.

Ƙa'idojin da Ma'aikatar Baitulmali ke fitarwa don fayyace dokar su ma suna nan, a babi na 26 na Code of Federal Regulations, kuma salon adireshin ɗaya ne, /cfr/text/26/1.61-14 misali. Lambar ma tana magana in ka iya karanta ta. Wadda ke kafin ɗigo tana gaya maka wane irin haraji ne, 1 na kuɗin shiga, 20 na dukiyar mamaci, 25 na kyauta, 31 na albashin ma'aikata, 301 na tsarin gudanarwa. Wadda ke bayan ɗigo ita ce lambar sashen dokar da ake fayyacewa, sai ta bayan ɗan layi wadda jeri ne kawai. Wato 1.61-14 na nufin harajin kuɗin shiga, sashe na 61, ƙa'ida ta 14, kuma ita ce mai cewa in ka tsinci dukiyar da aka ɓoye toh kuɗin shiga ce a shekarar da ta zama taka ba jayayya. Akwai ma shari'ar da ɗalibai ba sa mantawa a kanta, wasu ma'aurata a Ohio suka sayi tsohon piyano dala 15 a 1957, sai a 1964 suna shara suka tarar da dala 4,467 a ciki, kotu ta ce a biya haraji, Cesarini v. United States, 296 F. Supp. 3 (N.D. Ohio 1969). Ita wannan shari'ar ba za ka same ta a LII ba, zan dawo kan wannan. Abin da za ka samu shi ne a saman shafin sashen doka akwai wurin latsawa da ke jero maka ƙa'idojin da suka dogara da shi, yana taimakawa, ko da yake in ka riga ka gane yadda lambar ke tafiya kai tsaye za ka riƙa zuwa.

Wani abu kuma, kalmomin da doka ta ba su ma'ana ta musamman suna sa musu alama, kana latsawa sai ɗan akwati ya fito da ma'anar da kuma inda aka ɗauko ta. Yana rage yawo sosai. Sai dai ni ba na tsayawa a akwatin, ina bin linkin in je asalin wurin, saboda a dokar haraji kalma ɗaya na iya samun ma'ana daban a sashe daban, kuma yawanci doka kan ce "don amfanin wannan sashen kawai" ko "wannan babin". Ɗauki maganar waye mazauni. A wajen hukumar shige da fice abu ɗaya ne, a wajen haraji kuma § 7701(b) ne ke magana, ko kana da katin zama na dindindin, ko kuma lissafin kwanaki ya kama ka, aƙalla kwana 31 a wannan shekarar, sannan in an haɗa duk kwanakin bana da kashi ɗaya cikin uku na bara da kashi ɗaya cikin shida na bara waccan su kai 183. Ɗalibi mai bizar F kuma ba a ƙirga masa kwanakin ba har tsawon shekara biyar na kalanda, wannan na can ƙasa a (b)(5). Ba akwatin da zai ɗauke maka wannan duka, sai ka zauna ka karanta.

Toh yanzu ga inda nake son a buɗe kunne. LII dokar yau yake nuna maka. Ita kuwa tambayar haraji kusan kullum tana da shekara a liƙe da ita, mutum bai zo maka da "mece ce doka" ba, ya zo ne da takardar IRS, hukumar tara harajin Amurka, kan harajinsa na 2021 ko 2022, kuma dokar waccan shekarar ce za ta yi aiki a kansa ba ta yau ba. Majalisar Amurka kuwa ba ta barin babin nan ya huta.

Buɗe sashe na 71 ka gani. Layi ɗaya za ka tarar, an soke, da lambar dokar da ta soke shi, Pub. L. 115-97, ta ranar 22 ga Disamba 2017. Da can wannan sashen ne ke cewa kuɗin ciyarwa da mutum ke biyan tsohuwar matarsa bayan rabuwa, ko mace ke biyan tsohon miji, kuɗin shiga ne a wajen mai karɓa, shi kuma mai biya sashe na 215 ya ba shi damar cirewa daga abin da za a yi masa haraji a kai. Wanda ya ga "an soke" ya rufe shafi zai rubuta wa mai gidansa cewa babu wannan maganar kuma, alhali sokewar ta shafi takardun rabuwar da aka sa wa hannu bayan 31 ga Disamba 2018 ne kawai. Duk wanda takardarsa ta riga wannan rana tsohuwar doka ce ke binsa har yau, sai fa in an gyara takardar daga baya kuma gyaran ya faɗa ƙarara cewa sabuwar doka za a bi. Abun kamar ka je shagon da ka sani a kasuwa ka tarar an garƙame an liƙa takarda, amma masu bin bashi da waɗanda ake bi duk suna nan da ransu. Wannan bayanin yana LII ɗin fa, ba wai babu ba, yana ƙarƙashin wurin da aka rubuta Notes, can ne ake jera tarihin kowane gyara shekara-shekara da ranar da ya fara aiki. Rubutu ne ƙanana mai gundura, ba wanda ke son karanta shi, amma wlh a harkar haraji sau da yawa amsar tana can ne ba a jikin sashen ba. In kuma cikakken tsohon rubutun kake so kamar yadda yake a 2016, sai ka bar LII ka tafi govinfo.gov inda bugun kowace shekara yake tun daga 1994, ko uscode.house.gov na ofishin majalisar wakilai da ke tsara kundin, wanda dama daga can LII ke samo rubutunsa. Na ƙa'idoji kuma ecfr.gov zai nuna maka yadda suke a kowace rana har baya zuwa farkon 2017.

Lambobin kuɗi ma haka. Sashe na 63(c) shi ne na adadin da ake yafe wa kowa kafin a fara lissafa masa haraji. In ka karanta (c)(2) za ka ga dala 3,000 ga mutum ɗaya, sai ka ce kai, wannan ai ba shi ba ne. Sai ka gangara (c)(7) ka ga an ce a maye gurbin wancan da wani adadi, wanda dokar 2017 ta sa dala 12,000. Shi ma ɗin ba shi ne za ka rubuta ba, don duk shekara ana ɗaga shi saboda tsadar kaya, kuma IRS ce ke fitar da adadin a wata takarda daban. Na 2024 dala 14,600 ne, yana Rev. Proc. 2023-34. Na 2025 an fara cewa 15,000 a Rev. Proc. 2024-40, sai kuma dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025, Pub. L. 119-21, ta zo ta mayar da shi 15,750 a tsakiyar shekara. Ka ga wanda ya tsaya a dokar kaɗai ya yi kuskure, wanda ya tsaya a takardar IRS ta farko kaɗai shi ma ya yi, kuma waɗannan takardun LII ba ya ɗauke da su.

Ita wannan doka ta Yulin 2025 akwai abin da ya shafi mutanenmu kai tsaye a cikinta, wato harajin tura kuɗi gida. An yi ta yawo da shi a guruf-guruf na WhatsApp, wani ya ce kashi biyar, wani ya ce uku da rabi, kuma kowa da gaskiyarsa a lokacinsa, don da biyar aka fara, majalisar wakilai ta amince da 3.5, majalisar dattawa ta sauke shi zuwa kashi ɗaya, a haka ya zama doka. Ya shafi kuɗin da aka tura bayan 31 ga Disamba 2025, kuma sai in tsabar kuɗi ka miƙa ko takardar kuɗi irin ta gidan waya ko cekin banki da makamantansu, wanda ya tura daga asusunsa na banki ko da katin da aka bayar a Amurka bai shiga ba. Abin lura ga mai rubutu shi ne lamba biyu ce da shi. A cikin dokar da majalisa ta zartar sashe na 70604 ne, amma da aka zuba shi cikin kundi ya zama § 4475. In ka nemi /26/70604 a LII ba abin da za ka gani. In kana maganar abin da doka ta ce, I.R.C. § 4475 za ka rubuta, I.R.C. ɗin taƙaicen sunan kundin harajin ne, Internal Revenue Code. In kana maganar yaushe aka kafa ta ko ranar fara aikinta, toh lambar dokar majalisa ce, Pub. L. No. 119-21, § 70604. Shafin majalisar wakilai yana da jadawalin da ke nuna inda kowane sashe na sabuwar doka ya sauka a kundi, kuma a saman shafin suna faɗin iya dokar da suka shigar zuwa yanzu, in sabuwar doka ta fito jiya-jiya can ya kamata ka fara leƙawa kafin ka yarda da kowane shafi.

Wanda ya yi karatun lauya a gida wannan tsarin sai ya ɗan ɗaure masa kai da farko. Mu mun saba kowace doka da sunanta, dokar harajin kamfanoni Cap. C21 LFN 2004, ta harajin ɗaiɗaikun mutane daban, sai a bi da dokokin kuɗi na shekara-shekara, har aka zo aka haɗe su a Nigeria Tax Act ta 2025 da ta fara aiki 1 ga Janairu 2026. Su nan sun daɗe da haɗewa, 1939, sai 1954, sai 1986 zamanin Reagan, shi ya sa har yau cikakken sunan kundin Internal Revenue Code of 1986 ne duk da an yi masa gyara ba adadi tun lokacin.

Sai abubuwan da babu su a shafin, suna da yawa kam. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli suna nan, za ka samu Commissioner v. Glenshaw Glass Co., 348 U.S. 426 (1955) wadda ita ce uwar shari'o'in ma'anar kuɗin shiga. Amma na Kotun Haraji, wadda ita ke sauraron mafi yawan rigingimun nan saboda ita kaɗai ce za ka je ba tare da ka fara biyan kuɗin da ake binka ba, sai ka tafi shafin kotun da kanta, manhajarsu DAWSON kyauta ce, ko Google Scholar ɓangaren shari'o'i. Fatawoyin IRS kuma, irin su Rev. Rul. da Rev. Proc. da Notice, suna mujallarta ta mako-mako, Internal Revenue Bulletin, a irs.gov.

Kuma ba wanda zai gaya maka a LII wanne ya fi wanne nauyi, wannan sai ka sani da kanka. Hukuncin Kotun Haraji da ake ambato da alamar T.C. ya fi wanda ake ambato da T.C. Memo. ƙarfi. Akwai na ƙananan ƙararraki, na dala 50,000 zuwa ƙasa, wanda § 7463 ya ce ba a ɗaukaka ƙara a kansa kuma ba a kafa hujja da shi a wata shari'a. Wasiƙar da IRS ta rubuta wa mutum ɗaya kan matsalarsa ita ma § 6110(k)(3) ya hana a kafa hujja da ita, duk da lauyoyi na karanta su don su san inda hukumar ta karkata. Ƙananan littattafan nan da IRS ke bugawa don jama'a kuwa, masu lamba-lamba, ba doka ba ne kwata-kwata, kuma akwai wanda ya ji a jikinsa. A Bobrow v. Commissioner, T.C. Memo. 2014-21, kotu ta fassara § 408(d)(3)(B) da cewa sau ɗaya tak a shekara mutum zai iya cire kuɗi daga asusun fanshonsa na IRA ya mayar ba haraji, komai yawan asusun da yake da su, alhali littafin IRS mai lamba 590 na cewa kowane asusu da nasa lissafin. Mutumin lauyan haraji ne fa. Daga baya IRS ce ta gyara littafinta ta bi kotu. In kana son jerin abubuwan da ake ɗauka madogara in maganar tara ta taso, buɗe ƙa'idar Baitulmali Treas. Reg. § 1.6662-4(d)(3)(iii), wannan kam yana LII, kuma na fi son kowane sabon ɗalibi ya karanta shi kafin ya rubuta memo na farko.

Wajen rubuta madogarar ita kanta, shafin ba ya haɗa maka ita, ba maɓallin da za ka latsa ya ba ka futnot a shirye. Abin da ke sama shi ne "26 U.S. Code § 61", kuma in ka kwafe shi haka ka liƙa bai dace da kowane salo ba. A tsarin Bluebook, littafin salon rubuta madogara da makarantu ke bi, I.R.C. § 61(a)(1) ake rubutawa, Kotun Ƙoli da sauran kotunan tarayya kuma 26 U.S.C. § 61 suka saba, duka biyun abu ɗaya suke nuni, ka dai zaɓi ɗaya ka tsaya a kai kuma ka duba abin da kotun ko ofishinku ke so. Tun bugu na 21 na 2020 sa shekara a baka bai zama dole ba, amma in tsohuwar doka kake ambato, kamar wancan § 71, dole ka sa shekarar, in ba haka ba mai karatu zai je ya tarar da layi ɗaya. Ƙa'ida Treas. Reg. § 1.162-5 ake rubuta ta, ta wucin gadi tana da T a ƙarshen lamba kuma § 7805(e) ya ba ta shekara uku ta mutu, wadda aka gabatar ba a tabbatar ba kuma Prop. Treas. Reg. ce tare da shafin Federal Register, mujallar sanarwar gwamnatin tarayya. In ka ci karo da "sec. 1.162-5, Income Tax Regs." a tsohon hukuncin Kotun Haraji kar ka rikice, salonsu ne na da. Fatawa kuma lambarta da inda aka buga ta, Rev. Rul. 2019-24, 2019-44 I.R.B. 1004, tsofaffin kuma C.B. ne, wato kundin da ake tattara fitowar mujallar a ciki, a maimakon I.R.B., kamar Rev. Rul. 99-6, 1999-1 C.B. 432. Kar ka taɓa barin lamba tsirara, 2014-21 ɗin Bobrow da na faɗa a sama akwai kuma Notice 2014-21, 2014-16 I.R.B. 938, wadda a cikinta IRS ta ce kirifto kadara ce ba kuɗi ba, lamba ɗaya, ba abin da ya haɗa su. LII na da jagorar rubuta madogara ta Peter Martin a /citation, kyauta, ta isa ta fidda kai a yawancin abubuwa in ba ka da kuɗin sayen Bluebook. Alamar § ɗin ma in tana ba ka wahala, Alt da 0167 a Windows, Option da 6 a Mac, a iPhone ka danne & ka riƙe.

Babban abin da kuɗi ke saye shi ne sanin ko abin da ka samo yana da rai har yanzu. Shafukan da ake biyan kuɗi, irin su Checkpoint na Thomson Reuters, CCH na Wolters Kluwer, Bloomberg Tax, Westlaw da Lexis, su suna liƙa wa kowane sashe shari'o'in da suka fassara shi, su kuma sa maka alama in wata kotu ta rushe hukunci ko IRS ta janye fatawa. LII ba ya yin wannan, ƙa'ida tana nan zaune a shafi fes ko da wata kotu ta ce ta saɓa doka. Kuma tun 28 ga Yuni 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke Loper Bright ta jefar da tsarin Chevron, alƙalai ba sa sallama wa fassarar ma'aikata don kawai doka ba ta fito fili ba, wato ƙalubalantar ƙa'idojin Baitulmali ya ƙara sauƙi kuma dubawa ta ƙara zama dole. Ga kuma ƙa'idar Golsen, 54 T.C. 742 (1970), Kotun Haraji na bin hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta yankin da mai ƙara yake, don haka amsar mutumin Bronx na iya bambanta da ta mutumin Houston a kan sashe ɗaya. In kai ɗalibi ne makarantarku ta riga ta biya maka wasu daga cikin waɗannan, je ka laburare ka tambaya, ka more su kafin ka gama don ana yanke su bayan an fita. In ƙaramin ofis ne ba kuɗin rajista, laburaren kotu na gundumomi da yawa suna barin jama'a su zauna su yi amfani da Westlaw ko Lexis a kwamfutarsu, sauran kuma Google Scholar yana nuna wa ya ambaci shari'a, sai dai kai za ka karanta su ɗaya bayan ɗaya ka gane ko yabo ne ko suka.

Akwai talla a shafin, akwai kuma akwatin neman gudummawa da ke tasowa lokaci-lokaci, ni dai bai dame ni ba tunda da shi suke biyan ma'aikata. In mutum ya tambaye ni wani sashe a WhatsApp linkin LII nake tura masa don shi zai buɗe a wayarsa ba wahala, amma a cikin memo sunan shafin ba ya fitowa ko sau ɗaya, lambar sashe da shekarar da ake magana a kai kawai Barista zai nema.